Walda da Rana, Jita da Dare

Ina mai waldan da ya yini yana haɗa ƙofa da taga? Ina ɗan adaidaita sahu, ina tela, ina mai gyaran waya a Farm Centre? Ina malamar jinyar da ta sauko daga aikin dare idonta jajawur? Da ku nake. Ku da kuka tara kuɗi da kaɗan-kaɗan har kuka sayi jita ta hannu, kuka jingina waya a jikin bango, kuna bin darasin jaz da buluz a intanet lokacin da unguwa ta yi barci. Ana ce muku wannan ba layinku ba ne, wai kiɗan masu hutu ne, na waɗanda suka ci suka ƙoshi. Ku bar mai faɗa ya faɗa. Masu noman auduga ne suka ƙera buluz, da direbobin tarakta, da 'yan aikin gida, da leburorin masana'anta. Jaz kuwa a cinyar buluz ya girma. Ba kutse kuka yi ba, gidan 'yan'uwanku ma'aikata kuka shiga, don haka ku shiga da ƙafar dama.

Duk wanda ya fara darasin jitar jaz, ko wane ne malaminsa, ba zai yi nisa ba zai ji an ambaci Wes Montgomery. Mutumin Indiyanafolis ne a Amurka, kuma mai walda ne. Bai riƙe jita mai tsirkiya 6 da gaske ba sai da ya kusa shekara 20, ya riga ya yi aure. Bai je makarantar kiɗa ba, bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Faya-fayan makaɗin jita Charlie Christian ya samu, ya riƙa sawa yana maimaitawa, yana bin sauti ɗaya bayan ɗaya har ya haddace su tsaf. Da dare yake koyo, bayan ya taso daga aiki, kuma don kada ya hana mutanen gida da maƙwabta barci, sai ya ajiye ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, ya koma shafa ta da naman babban yatsa. Dabarar kauce wa faɗan maƙwabta ce ta zame masa amo mai taushi da kauri wanda har yau makaɗa ke ta fama su kwaikwaya. A shekarun 1950 walda yake yi da rana, da dare yana kiɗa a gidajen rawa har kusan asuba, saboda bakunan da ke jiran abinci a gida suna da yawa. A 1959 mai busa saksofon Cannonball Adderley ya ji shi, ya kai labarinsa kamfanin Riverside. A 1960 faifansa The Incredible Jazz Guitar ya fito, lokacin ya haura shekara 35. To, kai da kake cewa ka makara, shekararka nawa?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. B.B. King ya tsinci auduga, ya tuƙa tarakta a Misisipi kafin Memfis ta san da shi. Muddy Waters ma tarakta yake tuƙawa a gonar Stovall lokacin da mai tattara waƙoƙi Alan Lomax ya zo ya naɗi muryarsa a 1941. Ya koma Shikago a 1943, yana tuƙin babbar mota da rana, da dare ya jona jitarsa da lantarki don ta rinjayi hayaniyar jama'a. Elizabeth Cotten tun tana yarinya take aikatau a gidajen mutane, da wannan ɗan kuɗin ta sayi jitarta ta farko. Bahaguwa ce, sai ta juya jitar sama a ƙasa ta ci gaba da abinta, ba ta jira a ƙera mata tata ba. Aikin gida take yi wa iyalin Seeger lokacin da suka gane ko wace ce ke share musu ɗaki, kuma ta karɓi kyautar Grammy a 1985 tana da kimanin shekara 90. 'Yar'uwa, kin ji fa. Wa ya ce tsirkiya ta san hannun namiji da na mace?

Yanzu ku duba abin da ke aljihunku wanda duk waɗannan ba su samu ba. Wes sai ya ɗaga allurar garmaho ya mayar da ita baya, ya sake ɗagawa, ya sake mayarwa, kuma bai taɓa ganin inda Charlie Christian ke ɗora yatsa a faifan ba, kunne ne kawai jagoransa. Kai kuwa malami na zaune a cikin wayarka, kyamara na kan yatsunsa. Ya yi sauri? YouTube na ba ka dama ka rage gudun bidiyo zuwa rabi ba tare da sautin ya sauka ba. Ba ka gane ba? Mayar da shi baya sau ashirin, ba zai gaji ba, ba zai yi tsaki ba. Akwai darussan kyauta irin na Justin Sandercoe da suka ɗauko mutum tun daga yadda ake riƙe jita. Akwai na kuɗi. Makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston ma ta sa darasin ƙirƙirar jaz na Gary Burton a Coursera, kodayake wannan na wanda ya ɗan yi nisa ne. Yawancinsu da Turanci ne, wasu da Faransanci, kuma ko Turancinka na kasuwa ne zai kai ka, domin rabin bayanin a yatsa yake. Rubutun ma sun sauƙaƙa shi: layi 6 a madadin tsirkiya 6, da lambobi masu nuna gaɓar da za ka danna. Wanda ke iya karanta lambar waya ya iya karanta wannan.

Me za a koya maka da farko? Ginin buluz, kuma ginin ba shi da girma. Awo 12 ne, kowane awo bugu 4, ya zagayo ya sake farawa. Kod 3 ne kawai ke riƙe da shi, wato dunƙulen sautukan da ake bugawa tare. In a kan A ake yi, za ka tsaya a A7 awo 4, ka je D7 awo 2, ka dawo A7 awo 2, sannan E7 awo 1, D7 awo 1, ka sauka gida a A7. Shi ke nan. A kan wannan ɗan fili aka gina dubban waƙoƙi, a kansa B.B. King ya yi rayuwarsa har ya bar duniya. Sai a ba ka tsani mai sauti 5: A, C, D, E, G. Ka kai hannu gaɓa ta 5 a wuyan jita, duk suna nan ƙarƙashin yatsunka ba sai ka yi tafiya ba. Sai a nuna maka wani ɗan sauti da ke maƙale tsakanin D da E, wanda in ka ratsa ta kansa sai kiɗan ya yi ɗaci mai daɗi. Sai a koya maka tura tsirkiya ta 3 sama a gaɓa ta 7 har ta yi kuka, da girgiza yatsa don sautin ya yi rawa kafin ya mutu. Kayan aikin ke nan. Mako kaɗan ya isa ka san inda suke. Sa su yin magana, a nan gizo ke saƙa, kuma a nan ne kai ɗan wannan yanki kake da jari.

Domin kunnenka ba baƙon sauti biyar ba ne. Da shi aka yi maka reno. Saurari goge, saurari garaya da molo da gurmi, saurari yadda mawaƙi ke lanƙwasa murya a kan gaɓa guda yana hawa yana sauka. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya nuna cewa siffofin buluz da dama, irin su mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗa mai tsirkiya, da tsani mai sauti 5, da lanƙwasa murya, sun fi kama da kiɗan yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Gana da arewacin Najeriya ya kai Kamaru. Kada mu wuce gona da iri: buluz na baƙaƙen fatar Amurka ne, a cikin wahalarsu da cocinsu da gonakinsu aka haife shi, kuma wanda zai koye shi ya kamata ya girmama wannan. Amma jijiya ɗaya ta biyo ta nan. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya guda ya yi wa karen mota waƙa har duniya ta saurara. Shi da B.B. King duk a 2015 suka rasu, wata guda da 'yan kwanaki tsakani, kuma duk wanda ya sa su ɗaya bayan ɗaya zai ji abin da ya haɗa su: a faɗi magana, a bar tsirkiya ta amsa. Kai da ka tashi kana jin mawaƙi da 'yan amshi, wa zai koya maka kira da amsawa? Ɗalibin da ke Landan sai an yi masa bayani a allo. Kai a bikin unguwa ka sha shi.

Sai babbar fargabar kowane ɗalibi: ranar da malami zai kunna kiɗan rakiya ya ce, to, yanzu buga naka. Nan hannu ke sanyi. Me zan buga? In na yi kuskure fa? Ɗan kasuwa, kai ne bai kamata ka ji wannan tsoro ba, domin kullum kana yin irinsa. Ka taɓa haddace ciniki tun daga gida? Ka san kuɗin da ka saro kaya, ka san inda ba za ka sauka ƙasa da shi ba, ka san kalmomin da ake juyawa: taya, albarka, ƙara dai, na rage maka, kawo kuɗi. Amma yadda za a jera su yau, sai mai saye ya tsaya a gabanka. Ya taya, ka amsa. Ya yi kamar zai tafi, ka yi shiru, ka bar shirun ya yi aiki. Ya juyo, ka sassauta murya. Ba ciniki biyu da suka taɓa zama iri ɗaya, kuma ba a taɓa yin ciniki ba ƙa'ida ba. Haka ƙirƙirar kiɗa nan take take. Awo 12 ɗin nan su ne farashin da ka sani, guntayen jimlolin da ka kwaso daga manya su ne kalmominka, sauran kuwa saurare ne da amsawa. Sabon ɗalibi yakan cika ko'ina da sauti, yana gudu sama da ƙasa a kan tsani don kada a ce bai iya ba. Gwani yakan buga sauti uku ya tsaya. Saurari B.B. King ka ƙirga yawan inda ya yi shiru. Ka iya wannan a rumfa, za ka iya shi a tsirkiya. Taya kawai!

Daga nan jaz zai leƙo, kuma ba zan ɓoye maka ba, tudu ne. A buluz tsani ɗaya kan iya kai ka daga farko har ƙarshe. A jaz kod na canzawa a ƙarƙashinka kowane awo, wani lokaci sau biyu a awo ɗaya, kuma ana so jimlarka ta san da canjin. Za ka ji malami na ta nanata biyu, biyar, ɗaya: a kan C, wato Dm7, sai G7, sai Cmaj7. Wannan 'yar tafiyar ta kod 3 ita ce ƙashin bayan waƙoƙin jaz masu ɗimbin yawa, ciki har da Autumn Leaves da kusan kowane ɗalibi ke farawa da ita. Za a ce ka nemi sauti na 3 da na 7 na kowane kod, domin su ne ke bayyana launinsa. Ka sauka a kansu lokacin da kod ya juya, sai mai sauraro ya ji ka san hanya. Shawarata, kada ka yi tsalle daga buluz ka faɗa tsakiyar wannan kogi. Akwai gada. Nemi Chitlins con Carne na Kenny Burrell, daga faifansa Midnight Blue na 1963: buluz ne mai awo 12 sanye da rigar jaz, kuma jimlolinsa a hankali suke, kunne na iya kama su. Nemi So What na Miles Davis daga Kind of Blue na 1959, inda kod 2 ne kacal a duk waƙar, ka sami fili ka yi tunani. Ka cire jimla ɗaya da kunnenka, ba daga takarda ba. Ka rera ta da baki tukuna, sannan ka neme ta a wuyan jita. In ta zauna, ka canza mata ƙarshe, ka canza mata inda take farawa, ka kai ta wata gaɓa. Jimla ɗaya da ka juya ta hanya goma ta fi jimla hamsin da ka kalla ka wuce.

A nan ne ma darasin intanet ke da tarko, kuma gara a faɗa. Kallo yana da daɗi, yana sa mutum ya ji kamar ya yi aiki alhali jita na jingine. Yau wannan malami, gobe wancan, jibi bidiyon da ya yi alkawarin sirrin jaz cikin minti goma. Babu wani sirri. Zaɓi darasi ɗaya ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda ka zauna a hannun maigida ɗaya har aka yaye ka. In ka kalli minti biyar, ka buga minti ashirin. Kuma kada wani ya ruɗe ka da maganar kaya, wai sai jita kaza, sai amfilifaya kaza. Waɗannan tallace-tallace ne. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma ba ya kamuwa da tsadar takalmi.

Wahala fa? Tana nan, ba wanda ya ce babu. Data na cin kuɗi, wuta na ɗaukewa a tsakiyar darasi, tsirkiya na tsinkewa a lokacin da aljihu ya bushe, jiki na neman katifa bayan yini a tsaye. To, a yi mata dabara irin ta ma'aikata. Sauke darussa da dare lokacin da data ke da rahusa, ka kalle su ba intanet. Rubuta awo 12 ɗin a takarda ka manna a bango, ba ruwansu da caji. Goge tsirkiya da tsumma bayan kowane zama, gumi ne ke cinye ta. Kan yatsu zai yi zafi makonnin farko, sannan ya yi kanta, ya daina. Kai da ka saba da ƙarfe ko almakashi ko sitiyari, wannan ai wasa ne. Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar hutu kaɗai, domin hannu da maimaici yake koyo, ba da dogon zama ba. In kuma wata rana ka ji yatsunka sun yi maka gajarta ko sun yi tauri, tuna da Django Reinhardt. Gobara ta ƙone shi a 1928 a cikin keken dokin da yake kwana, yatsu biyu na hannun hagunsa suka shanye, aka ɗauka ya gama da kiɗa. Ya sake koyon jita daga tushe, yana gudu da yatsu biyu inda wasu ke amfani da huɗu. A 1934 shi da Stéphane Grappelli suka kafa ƙungiyarsu a Faris, har yau ana koyar da salonsa. Kai naka nawa ne suka rage?

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Mdou Moctar, Buzu daga jihar Tawa a Nijar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma gidansu ba su so ya yi kiɗa ba. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Ba kamfani, ba talla: daga waya zuwa waya waƙoƙin suka riƙa tafiya, ta bulutut da katin memori, har suka faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya bi sawu ya nemo shi. Yau yana cika dandali a Turai da Amurka. Bombino na Agadas da kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler ya goge hannunsa, wato darasin nesa tun kafin a sa masa suna, kuma faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da jitar yayanta ta koya wa kanta, ta zama jagorar Les Filles de Illighadad. Turawa kan kira kiɗansu buluz ɗin hamada, suna ne na 'yan kasuwar faifai, kiɗan Buzaye ne mai tushensa da harshensa. Abin da ya shafe mu shi ne, waɗannan maƙwabtanmu ne, rana ɗaya ke dukanmu, ƙura ɗaya muke shaƙa, kuma ba su jira kaya sun cika ba.

Na san maganar da ke biye, maganar mutane. A ƙasar Hausa ba kowane gida ne ke murna da ganin ɗa riƙe da abin kiɗa ba, kuma akwai wanda fahimtarsa ta addini ta hana shi. Wannan a girmama shi, ba da shi ake jayayya ba. Kai da ka zaɓa, halinka ne zai yi maka shaida. Ka fita aiki a kan lokaci, ka sauke nauyin gida, in lokacin ibada ya yi ka jingine jita, ka rage sauti in dare ya yi. Kada kuma ka saki sana'arka don mafarkin suna. Wes bai ajiye walda ba sai da kiɗa ya iya ɗaukar iyalinsa. Makaɗin jita Ali Farka Touré, da Grammy a hannunsa, ya koma gonarsa a Niafunke, har ya zama magajin garin a 2004. Yawancin masu koyo ba za su hau jirgi zuwa Amurka ba, kuma ba asara suka yi ba. Mutumin da ya yini yana yin abin da aka ce masa, yanka nan, kai ni can, ɗinka kaza, in dare ya yi ya sami awo 12 da ba mai ba shi umarni a cikinsu, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Bayanta kuma akwai ta aljihu ga wanda ya nace: kiɗan biki, ƙungiyoyin coci a Jos da Kaduna da Sabon Gari, koyar da yara, da situdiyoyin Kano inda mafi yawan kiɗa da fiyano da kwamfuta ake haɗa shi, wanda ke nufin hannun da ya iya sa tsirkiya ta yi kuka da gaske ba shi da yawa a kasuwa.

Abu ɗaya ne waya ba za ta iya yi maka ba: ba ta jin ka. Kiɗan rakiya ba ya juyowa in ka faɗi magana mai daɗi, ba ya jiran ka in ka ɓata. Saboda haka ka riƙa naɗar kanka, ka saurara washegari a hanyar zuwa aiki, kunnenka zai gaya maka inda ka yi gaggawa da inda ka cika surutu. Sannan ka fita neman mutum. Ba sai gwani ba. Wani ɗalibi irinka ya isa, shi ya riƙe kod 3 ɗin, kai ka yi magana zagaye biyu, ku yi musanya. In akwai mai kalangu a unguwarku, kai masa gaisuwa ka roƙe shi zama ɗaya. Shi da yatsa da igiya yake lanƙwasa sauti tun kafin a haife ka, zai faɗa, ka amsa, kuma ba zai yi maka kara ba in ka fita daga bugu. Kada ka ce sai ka ƙware tukuna. A makon nan, ba wata mai zuwa ba, ɗaure tsirkiya, kira abokin, ƙirga huɗu, ku shiga!